Neman yadin da zai dace da kujerun Fijo 504 ta mahaifina

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan motar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Fijo 504 GR ce ta 1982, haɗin Kaduna. Ya saye ta sabuwa fil da bashin mota lokacin yana koyarwa, kuma har ya bar duniya bai taɓa yarda an sake mata kujera ba. Shekara biyu ke nan ina lallaɓa ta. Inji ya tashi, an gyara giya da birki, fenti ma an mayar mata da farinta na asali. Kujeru ne suka tsaya mini a rai.

Tsakiyar kujerun yadi ne ruwan ƙasa mai ɗan gashi-gashi kamar karan-miski, da siraran layuka a tsaye, gefe da gefe kuma leda. Kujerar baya lafiyarta ƙalau, sai dai saman majinginarta da rana ta ci. Ta mai zaman banza ma ba laifi. Ta direba ce ta mutu: mazauninta ya yage, soso ya leƙo, gefen da ake gogawa wajen shiga da fita ya siɗe. Na yanki ƙyalle na zaga shaguna a nan Kaduna, na aika Kantin Kwari, duk wanda aka kawo mini ko launi ya saɓa ko layukan sun fi faɗi. Ina ake samun irin wannan yadi? Ko in haƙura ne?

Alhaji Mai Wagon:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ɗana, ni na yi shekara goma sha tara ina jan 504 wagon tsakanin Kano da Jos, kujera ba irin wadda ban gani ba. Shawarata ka daina wahalar da kanka. Ka sayi leda mai kauri, ruwan ƙasa, a yaye dukkan kujerun a ɗinke su iri ɗaya. Ba ruwanka da ƙura, yaro ya zubar da kunu ka goge da tsumma, shi ke nan. Yadin da aka saƙa shekara arba'in da suka wuce ina za ka gan shi a kasuwa yau?

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba Alhaji. Na yi wannan tunanin. Abin da ya hana ni, a kan wannan kujerar ta baya aka kai mu makaranta, a kanta aka ɗauko ƙanwata daga asibiti ranar da aka haife ta. Idan na yaye mai lafiya don in dace da marar lafiya, ban san me na adana ba.

Usta Mai Ɗinkin Kujera:
Kada ka yaye. Sana'ata ce wannan, shekara ashirin da shida ina kan keke. Kafin a yi maganar inda za a samu, tambaya ɗaya zan yi maka: ƙyallen da ka kai kasuwa, daga ina ka yanko shi?

Ɗan Tudun Wada:
Daga bakin inda ya yage a mazaunin direba.

Usta Mai Ɗinkin Kujera:
To nan aka fara samun matsala. Wannan wurin shi ya fi ko'ina shan rana da gumi da guga, launinsa ba na asali ba ne, kuma ba irin na sauran kujerun ba ne ma. Ka kwance kujerar, ka kifa ta. A ƙasa za ka ga inda aka naɗe bakin yadin aka maƙale shi da ƙananan zobban ƙarfe a jikin firam. Wannan bakin bai taɓa ganin rana ba tun ranar da motar ta fito daga kamfanin Fijo a Kakuri. Ka yanki kamar faɗin yatsu uku daga nan. Sannan ka ɗora shi a kan kujerar mai zaman banza ka duba da idonka. Za ka ga launi biyu ne daban.

Daga nan sai ka yanke shawara: wanne kake so ka dace da shi? Na asali, ko wanda ya koɗe? In ka samo sabon yadi daidai da na asali ka sa a kujera ɗaya, za ta fita daban tsakanin 'yan'uwanta kamar baƙo a gidan biki. Mutane da yawa suna shan wahala su samo ainihin yadin, a ɗinka, su dawo suna cewa na cuce su. Ban cuce su ba, sauran kujerun ne suka tsufa.

Maman Ummi:
Usta ya faɗi gaskiya, ko a atamfa haka ne. Ni ɗinkin labule da kujerun ɗaki nake yi. Abin da zan ƙara, kada ka gwada launi a cikin shago. Fitilar shago tana ruɗin ido, yadi biyu su yi kama a ciki, ka fito waje ka ga ɗaya ya yi ja ɗaya ya yi kore. Ka roƙi mai shago ya bari ka fito da bandir ɗin bakin ƙofa, da hantsi ko da la'asar. Kuma in ka samu, ka sayi duk abin da kake buƙata daga bandir ɗaya, har da ƙari. Ko kamfani ɗaya ne, lamba ɗaya, rinin yau da na wata mai zuwa ba sa zama daidai.

Injiniya Bash:
Ni a ganina mun wuce zamanin wannan wahalar. A ɗauki hoton yadin da kyau, a kai wa masu buga zane a jikin yadi da kwamfuta, su buga layukan a kan yadi ruwan ƙasa. Launin da kake so ma sai a daidaita maka shi a allo.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Yaro, ba na raina dabararka, amma ba za ta yi ba a nan. Na yi aiki a masaƙa a Kakuri, unguwa ɗaya da kamfanin Fijo, tun lokacin da in an tashi daga aiki kekuna suke rufe titi. Layukan da yake magana a kai ba zane ba ne, saƙa ce. Tudu da kwari ne a jikin yadin, hannu yana jin su. In ka buga hoto, ido zai iya ruɗuwa daga nesa, amma da an zauna an shafa an gane. Kuma in bugun a saman zare kawai ya tsaya, wandon direba zai goge shi.

Ɗan Tudun Wada, ka fara sanin zaren da aka yi yadin da shi. Ka zare 'yan silla daga ƙyallen da Usta ya ce ka yanko, ka riƙe da hantsaki, ka kusanta da ashana a waje, nesa da motar. In ya ci da wuta ya yi warin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya yi warin gashi ya ƙanƙance ya bar baƙin abu mai marmashewa, ulu ne. In ya narke ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri, zaren roba ne, nailan ko foliyesta. Wannan zai rage maka rabin yawo, domin za ka san abin da za ka tambaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da a da ne, wannan maganar ba za ta kai haka ba. A lokacin Kaduna garin masaƙu ce. Masaƙar KTL tun 1957 ta fara aiki, ga ta Arewa, ga ta UNTL, duk a wuri ɗaya. Ba na cewa su suka saƙa yadin motar nan, amma akwai mutanen da za su kalli ƙyalle su faɗa maka yawan zarensa da yadda aka harɗa shi. KTL ta tsaya a 2002, sauran suka bi baya. Masu wannan ilimi yanzu mun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Baba. Na kifa kujerar da yamman nan kamar yadda Usta ya ce. Wallahi sai da na zauna. Launin da ke ƙasa ya fi duhu sosai, kamar ƙasar da aka yi wa ruwa, na sama kuwa ya koma kamar ruwan shayi da madara. Na manta ma haka motar take muna yara. Na ƙona zaren, ya narke ya dunƙule.

Injiniya Bash:
To tunda haka ne, a sayi wanda saƙarsa ta yi kama ko da launinsa ya fi haske, a kai marina a rine shi ya dace.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Da auduga ce da na ce a gwada. Marinar Ƙofar Mata da sauran masu rinin shadda, rininsu na auduga ne. Foliyesta ba ta shan irin wannan rini, tana buƙatar nata na musamman da zafi mai yawa wanda a masana'anta ake yinsa cikin tukunya rufaffiya. In aka tsoma ta a na gargajiya, launin zai kwanta a sama, ranar da mutum ya shiga da farar shadda da gumi a bayansa zai fito da shi a jikin rigarsa.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar 504 ta daɗe tana aiki, ita ce motar tasha tsakanin garuruwa shekara da shekaru, saboda haka gawarwakinta suna nan a garaji-garaji. Abin da tapisiye ɗinmu suke yi, wato masu ɗinkin kujera, ba sa neman sabon yadi sam. Mota matacciya suke nema mai irin kujerar, su sayi kujerar baya. Dalili, a motar gida kujerar baya ba ta shan wahala kamar ta direba, kuma tana da faɗi, majingina da mazauni za su ba ka yadin da zai rufe kujerar gaba har ya yi saura. Abu mafi daɗi, shi ma ya sha rana shekaru kamar naka, launinsu zai zo kusa. Sai dai ka guji wadda ta yi tasi, wannan ba abin da ya rage a jikinta. In ba ka samu a can ba ka turo mini hoto, ina da ɗan'uwa da ke zuwa kasuwar Katako a Yamai.

Usta Mai Ɗinkin Kujera:
Wannan ita ce maganar. Kuma kana Kaduna, kasuwar Panteka ta tsofaffin kayan mota tana kusa da kai. In babu, Ƙofar Ruwa a Kano. Amma ka je da kanka, kada ka aika yaro, kuma ga abin da za ka duba. Ka sa babban yatsa ka danna yadin da ƙarfi a inda rana ta fi bugu, wato saman majingina kusa da gilashin baya. In ka ji yana ƙara kamar busasshen ganye ko ya tsage, ya ƙone, allura za ta yayyanka shi, kada ka saya ko kyauta ne. Ka sunkuya ka shinshina, in akwai warin ruma ko fitsarin ɓera, ba ya fita. Sannan ka tafi da ma'auni ka ƙirga layuka nawa ne a cikin inci ɗaya a naka, ka ƙirga a nasu. Ido yana yafe ɗan bambancin launi, amma ba ya yafe layin da ya fi wani faɗi.

Alhaji Mai Wagon:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Ku ɗauki tsohon yadi ku ɗinka a kujerar da ta fi kowacce shan aiki? Wata nawa zai yi? Kuna so bawan Allah ya biya kuɗin ɗinki sau biyu. In ledar ce ba ya so, ga fata. Kano garin fata ce, a yi mata kujerun fata na gaske ta fi yadda ta fito daga kamfani kyau.

Usta Mai Ɗinkin Kujera:
Ranka ya daɗe, maganarka tana da hujja a motar haya. Wannan kuwa motar Juma'a ce da ranar Salla, ba za ta ga Jos kullum ba. Kuma ba haka nan zan ɗora tsohon yadi ba. Ana manna masa sabon shafi a baya, siririn soso mai ƙyalle, shi zai ɗauki nauyin ja, tsohon yadin ya zama fuska kawai. Abin da ke kashe yadin kujera ma yawanci ba yadin ba ne, soson ƙasa ne. In ya mutu ya lotsa, yadin ya rasa abin da zai tallafe shi, ya riƙa naɗewa yana gogar firam har ya yage. Duk wanda ya sa sabon yadi a kan mataccen soso, ko daga ina ya sayo shi, zai dawo.

Batun fata kuma, wadda aka san ƙasar nan da ita a duniya ta akuya ce da tumaki, irin jar akuyar Sakkwato. Tana da kyau ƙwarai a jaka da takalmi, amma ƙarama ce, kuma ba ta da kaurin kujera. Kujerar mota fatar shanu take so, wadda aka jeme aka shafe don ta jure rana. Ko an samu, motar ta tashi daga GR ɗin Malam ta koma wata aba daban.

Alhaji Mai Wagon:
Batun soso gaskiyarka ne, na sha gani. Sauran kuma na bar muku, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hadiza daga Faransa:
Sannunku. Ina zaune ba nisa da Sosho, garin da Peugeot, wato Fijo, take da babbar masana'antarta, inda aka fara ƙera 504 a 1968. Akwai gidan tarihin kamfanin a can, kuma suna da sashen da ke kula da kayan tsofaffin motoci. Ban da su akwai 'yan kasuwa a nan Turai da ke sayar da yadin tsofaffin motoci da mita, wani ragowar na da ne, wani sabon saƙa ne da aka kwaikwaya. Yawancinsu in ka aika musu ƙyalle a ambulan za su duba, su turo maka nasu ƙyallen kafin ka biya kuɗin mita.

Amma Yaya, kada ka ɗauka lallai yadin motar Kaduna shi ne na motar Faransa ta shekara ɗaya. A nan an daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, alhali Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975 ta ci gaba da 504 har bayan shekara ta 2000. An kuma haɗa ta a Ajantina da Kenya. Mota ɗaya ce, amma kayan ciki sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa da shekara zuwa shekara. Saboda haka kada ka saya da sunan mota da shekara kawai, kada kuma ka yarda da hoton waya. Ƙyalle a hannu, a gefen ƙyalle. In kana so ka aiko mini ta hannun mai zuwa, zan tambaya maka.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai 'yar'uwa. Zan yanka ƙyallen gida biyu, ɗaya naki. Amma zan fara da Panteka ranar Asabar.

Maman Ummi:
Wani abu kafin ka tafi, don na san za a nuna maka yadin kujerun ɗaki masu kama da shi, suna da yawa kuma suna da araha. Ni da nake aiki da su nake gaya maka kada ka sa a mota. Na ɗaki ba a yi shi don rana ba. Motar da aka rufe a tsakar rana a watan Afrilu, cikinta tanda ce. Na taɓa yi wa maigidana kujerun motarsa da ragowar yadin falo, kafin shekara ta zagayo inda rana ke sauka ya yi fari, zaren ya fara tashi. Yadin mota an yi masa maganin rana, kuma an yi shi ya jure guga fiye da na gida.

Ɗan Tudun Wada:
Jama'a, ga labarin mako uku. Asabar ta farko ban samu komai ba, duk 504 da na gani an riga an yi mata leda. Wani dattijo mai sayar da kayan bodi ya karɓi ƙyallen ya ce in ba shi lokaci. Shekaranjiya ya kira ni. Wata salun ce da ta yi hatsari ta gaba tun da daɗewa, aka jingine ta a cikin rumfa, kujerar bayanta tana nan da ƙura kamar an binne ta. Na ƙirga layuka, daidai. Na danna kamar yadda Usta ya ce, saman majinginar ya tsage nan take, amma daga tsakiya zuwa ƙasa da dukkan mazaunin suna da ƙarfi. Na saye ta. Da na wanke wani gefe ya bushe, launinta ya ɗan fi nawa duhu kaɗan, tsakanin na asali da na yanzu. Usta, in kawo maka, ko akwai abin da zan yi tukuna?

Usta Mai Ɗinkin Kujera:
Alhamdu lillahi. Kada ka farke komai da kanka, kuma kada ka jefar da yagaggen na direba, shi ne ma'aunin da za a yanka sabon a kansa. Kada ka sa omo mai ƙarfi ko burushin wanki. A kaɗe ƙurar, a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa.

Ko ni zan yi ko wani, ka tsaya a kan abu uku. Na farko kwanciyar gashi. Irin wannan yadi in ka shafa shi ta gefe ɗaya ya yi haske, ta ɗaya gefen ya yi duhu. In tela ya juya shi wajen yanka don ya yi tattalin yadi, kujerar za ta fito kamar launi biyu ko da daga ƙyalle ɗaya aka yanka. A sa alama da alli a baya kafin almakashi ya taɓa shi, a bi yadda na kujerar mai zaman banza ya kwanta. Na biyu layukan mazauni su haɗu da na majingina, kada su goce. Na uku zare. Ba zaren ɗinkin kaya ba, zaren foliyesta mai kauri, kuma a buɗe tazarar ɗinkin, domin ɗinki mai matsi yana huda tsohon yadi kamar takardar rasit.

Tunda sabon ya ɗan fi duhu, shawarata a yi mazauni da majinginar direba gaba ɗaya da shi, kada a yi faci. Kujera guda mai launi ɗaya a gefen 'yar'uwarta, ido ba ya kamawa. Faci a tsakiyar mazauni kuwa ko yaro zai gani. Ledar gefe in ba ta fashe ba a bar ta.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Abin da ya yi saura kada a bar shi a shagon tela. Ka naɗe shi a kan kwali, kada ka ninke, ka sa a inda ba rana ba laima. Watarana kujerar mai zaman banza za ta nema.

Alhaji Mai Wagon:
To madalla. In an gama ka sa mata labule a gilashin baya, ko ka riƙa rufe ta da tampol. Saman majinginar nan da ka ce rana ta ci, in ba a tare ba shi ne zai fara tsagewa.

Ɗan Tudun Wada:
An gama jiya, na ɗauko ta daga wurin Usta da la'asar. An sake soson mazaunin direba, an bar ledar gefe ta asali, an yi mazauni da majingina da yadin Panteka. Saura ya kai kamar yadi ɗaya, na naɗe shi kamar yadda Baba ya ce. Hadiza, ƙyallenki yana hanya duk da haka, in an samu na asali ina so in ajiye mita biyu. Da safen nan na kai Hajiyarmu gidan ƙanwarta a cikinta. Ta zauna a baya inda ta saba, ta miƙa hannu ta shafa kujerar direba, ta ce ita ba ta ga inda aka gyara ba, ta tambaye ni ko carbin Malam yana nan a aljihun ƙofa. Yana nan.